Kunnen Mijina Ne, Ba Hannun Audi Ba

Assalamu alaikum Hajiya Barakatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Magana ce na riƙe a ciki har ta fara hana ni cin abinci, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan ba tare da ta zaga ta dawo gidana ba. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, ban saba rubutu ba, ɗinki ne sana'ata.

Ni matar aure ce a Ƙanƙara, da 'ya'ya uku. Mijina zan kira shi Kamilu, ba sunansa ba ne, dama ko na gaskiyar ba faɗa nake yi ba. Duk sunayen da za ki gani na sauya su. Walda ce sana'arsa, yana da rumfa a bakin hanya, amma abin da aka san shi da shi jita ce. Yana saurayi ya tafi ci-rani Agadas, ya zauna da wasu Buzaye masu kiɗan jita mai lantarki, ya dawo da tsohuwar jita a buhu da kuma ciwon sonta, wanda har yau bai warke ba. Shi da abokinsa na ƙuruciya, Audi, suka kafa ƙungiya. Audi ke kan ganguna, irin na zamanin nan da ake kaɗawa da hannu da ƙafa, sai wasu biyu da suka shigo daga baya. Da farko dariya aka yi musu, har ana kiransu 'yan gwangwani. Yanzu kuwa daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, in dai bikin masu son abin ne, su ake nema.

Abin da suke tinƙaho da shi, ba sa yin abin nan na mawaƙan yanzu, a kunna waƙa a na'ura mutum ya riƙe makirufo yana motsa baki. Su komai a gabanka ake yinsa, in an yi daɗi ka ji, in an kwafsa ka ji. Tun da hali ya canza a yankinmu sai bayan la'asar suke farawa, su tashi kafin magariba kowa ya kama hanya da sauran haske. Duk da haka mutane na zuwa daga ƙauyuka, uku-uku a kan babur.

To masoyansu suna da zaure a WhatsApp. Ina ciki da lambar shagona, cikin masoyan babu wanda ya san ko ni wace ce, sun ɗauka wata tela ce kawai mai son kiɗa. Ban taɓa tofa komai ba, saurare nake ina taka keke. Da can wurin raha ne, a turo hotuna, a tsokani juna. Tun bayan daminar bara ya koma filin gardama.

Mutum biyu ke ja. Akwai Gide, ɗan Mairuwa, mai sayar da hatsi, wanda tun ana kiransu 'yan gwangwani yake bin su kasuwa-kasuwa. Shi ya fara cewa wasansu na fili ya lalace. Ya ce abin da suke ɗauka a situdiyo lafiya lau ne, amma a fili jitar Kamilu gudu take ta bar ganga a baya, wani lokaci kuma ta tsaya jira inda babu abin jira. Gide ba shi da laushin baki ko kaɗan, Hajiya. Ranar da ya turo saƙon murya yana cewa gara su koma motsa baki kamar kowa su huta da jin kunya, sai da na kife wayar na fita waje na sha iska.

Ɗayan Mas'ud ne, ɗan Damari, mai shagon cajin waya, shi ke ɗaukar bidiyon wasanninsu. Wannan son mijina yake yi irin wanda ba ya ganin laifi. Ya ce abin da Gide ke kira kuskure sabon salo ne, wai haka manyan masu jita na sahara ke yi, su sha gaban ganga sannan su dawo, sai mai kunne ke ganewa. Mutanen Sabuwa suka bi shi, na Faskari suka bi Gide, 'yan Ƙanƙara muka rabu biyu. Bayan kowane wasa sai a turo bidiyo, a yanko wuri ɗaya a yi ta maimaitawa, wannan ya ce ku ji inda aka kwafsa, wancan ya ce ai nan ne ma daɗin yake. An yi fushi an fita, an sake roƙo an dawo. Har na ji wai akwai samari a Damari da suka samo jita suna koyon wannan shan gaban, sun sa masa suna gudun Kamilu. Ranar na yi dariya ni kaɗai a shago har da riƙe ciki, daga baya na ga hawaye ne ke ɗiga a kan atamfar mutane.

Domin ni na san ba salo ba ne. Kunnensa na hagu ne ke mutuwa.

Ni ba likita ba ce, amma ni ke zaune da shi. In na yi magana ta hagunsa sai na maimaita. Rediyonmu da safe har maƙwabta sun san tashar da muke ji. Ɗiyarmu ta taɓa tsayawa bakin ƙofa tana ta kiran Baba bai waiga ba, har ta yi zuciya ta koma ɗaki. Waya kullum a kunnen dama, ko hannun na riƙe da wani abu sai ya ajiye. In ya kwanta a kan damarsa kiran sallar asuba wuce shi yake, mutumin da a da shi ke tashin gidan. Akwai ranar da ya tambaye ni ko ina jin kukan gyare a ɗaki, da rana tsaka, babu wani gyare. Da na ce ban ji ba sai ya ce ai wasa yake yi. Shekara da shekaru da safe yana kan injin yankan ƙarfe, da yamma lasifika a ƙeyarsa, ga janareta a gefe, ban san me muke tsammani ba. A situdiyo abin ji suke sa masa a kunne su ƙure ƙara, in ya kuskure a sake, shi ya sa can ba a ganewa. A fili kuwa Audi a hagunsa yake zama tun ranar farko.

Da gardamar a kan kiɗa ta tsaya, da na ci gaba da ɗinkina. Amma da mutanen Gide suka matsa, sai mutanen Mas'ud suka sauya baki. Suka ce to in ma akwai saɓani, ba jita ce ke gudu ba, ganga ce ke jan ƙafa. Wai hannun Audi ya yi nauyi, noma ya cinye shi, ya yi teɓa. Kamilu yana cikin zauren, ba ya magana amma babu saƙon da ke wuce shi, yana kara wayar a kunne yana gyaɗa kai. Kuma ya yarda da su. Ya fara dawowa daga wasa yana ƙorafi, shi da bai taɓa kushe Audi a gabana ba.

Shi ma Audin bai taimaki kansa ba. A wani wasa a Faskari, haka kawai ya kwashi gangunansa ya kai su ɓangaren dama ba tare da ya tambayi kowa ba. Kamilu ya sa shi ya mayar a gaban mutane, wai so yake ya shiga gaban mai ɗaukar bidiyo. Audi ya mayar da su hagu. A zauren ma duk cin mutuncin da ake yi masa bai taɓa kare kansa ba, sau ɗaya kawai ya ce Allah ya ba shi ikon gyarawa. Ni wannan sanyin nasa har haushi yake ba ni.

Ga inda aka kwana. Kamilu ya gaya mini Mas'ud ya samo wani matashi a Funtuwa mai zafin hannu, kuma da zarar an gama wasan Sallah a Mairuwa zai ce wa Audi ya huta. Ba da farin ciki ya faɗa ba, idanunsa sun kaɗa, amma ya yanke. Hajiya, Audi shi ne babban abokin ango a bikinmu. Shi ya yanka ragon sunan ɗanmu na fari. Matarsa Saudatu ƙawata ce ta ƙut da ƙut. Ta zo shago da yaranta da kayan Sallarsu, tana tambayata ko na san abin da Audi ya yi wa maigidana, don Audin ya daina hira a gida. Na sunkuya ina gwada yaran, na cika bakina da allurai don kada in amsa.

Za ki ce to ki faɗa masa mana. Na gwada, sau ɗaya, cikin wasa. Na ce ya kamata mu je a wanke wa tsohon nan kunne. Ranar bai ci tuwona ba, ya tambaye ni ko ni ma na koma ɓangaren Gide ne. Ba mafaɗaci ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ko murya ba, amma shirunsa ya fi faɗa ciwo. Ki gane, wannan mutumin da kunnensa ya koyi komai. Bai yi boko mai nisa ba, yakan ce Allah bai ba shi biro ba amma ya ba shi kunne. Waƙa sau ɗaya zai ji ya kaɗa ta. Idan na ce masa abin nan da yake taƙama da shi ne ke tafiya, tsoro nake ya rataye jitar ya zauna, kuma na san shi ba tare da jita ba, na gani lokacin da ta lalace ana neman kayan gyara, sai ka ce baƙo a gidansa. Ga kuma garinmu, da magana ta fita an liƙa masa kurma ke nan, wa zai kira kurma kiɗan biki?

Wani lokaci zuciyata ce mini take in yi shiru, a kawo ɗan Funtuwan, shi ma a ga jita ta bar shi a baya, Kamilu ya gane da kansa ba daga bakina ba. Wani lokaci in ce in je in sami Audi a ɓoye, ko in kira yayan Kamilu, ko ma in tura wa Gide saƙo in roƙe shi ya sassauta. Na rasa wanda zan kama. Ina son mijina, Hajiya, kuma ina jin kunyar Saudatu. Sallah kuma ga ta nan tafe. Yaya zan yi?

Taki,
Tela mai saurare, Ƙanƙara

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce ba ki saba rubutu ba, amma na karanta wasiƙarki har ina jin ƙarar kekenki. Sannu da ɗawainiya, abin da kika riƙe ba ƙarami ba ne.

Tsoronki ba ragwanci ba ne. Mutumin da mutuncinsa da farin cikinsa suka rataya a kan abu ɗaya, ba a tunkararsa da labarin abin nan gaba-gaɗi, kuma kin fi kowa sanin mijinki. Sai dai ki lura, har yanzu babu wanda ya duba kunnen nan. Yana iya zama dauɗa ce ta toshe, ko wani ciwo da magani ke warkarwa. Yana iya zama kuma ƙara ce ta yi ɓarna, irin wadda ba ta cika gyaruwa ba amma ana iya hana ta ƙaruwa. Ko wanne ne, jira asara ce, domin na daman ma a cikin ƙarar nan yake wuni.

Shawarar yin shiru a bar Audi ya tafi, ki fitar da ita daga ranki. Za a hukunta mutum a kan laifin da kin san ba nasa ba ne, kina kallo. Kuma ba za ta kai ki inda kike so ba, don in ɗan Funtuwa ya gaza, masu neman uzuri za su ce bai saba ba ne, su nemo wani. Ranar da gaskiya ta fito, mijinki zai tarar ya rasa kunne ya kuma rasa aboki, sannan ya juyo ya tambaye ki tun yaushe kika sani.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki a natse, akwai abin da kika rubuta ba ki gani ba. Makaɗin da ya yi shekara da shekaru a hagu, me zai sa ya kwashi ganguna ya koma dama? Ba bidiyo yake nema ba. Kunnen da ke ji ya bi. Wanda yake zaune a gefen mutum yana bin hannunsa tun suna samari ba zai kasa gane abin da kika gane a gida ba. Sanyin nan da ke ba ki haushi, ni ina ganin rufin asiri ne: ya zaɓi a ce hannunsa ya yi nauyi da a ce abokinsa ba ya ji. Shi ma maigidan ban yarda bai san komai ba. Wanda ya tambayi kukan gyare sannan ya ce wasa yake yi, ya ji wani abu ya tsorata. Ya karɓi maganar Mas'ud ne don ita ce mai sauƙin haɗiya. Ke nan ku uku ne kuke ɗauke da abu ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Su Gide da Mas'ud kuwa, kowa da rabonsa na gaskiya. Gide ya ji daidai, amma bai san dalili ba, maganin da ya kawo kuma na motsa baki ba magani ba ne. Mas'ud ƙaunarsa ta gaske ce, irin masoyan da ke riƙe mai sana'a a lokacin wuya, sai dai ƙaunar ta sa yana yaba ciwo. Kada ki tura wa ko ɗayansu saƙo. Su gardama abin hirarsu ce, in sun gaji su kwanta barci, ku ne za ku kwana da abin. Ki ma rufe zauren nan na ɗan lokaci, kin ji abin da ya ishe ki.

Kada kuma ki fara da Audi ko da yayansa. In ya gane an yi zama a kansa kafin a same shi, zai ga an kewaye shi ne, ya ƙara ƙanƙame ra'ayinsa. Shi za ki fara samu. Ba cikin wasa ba wannan karon, don wasa a kan abin da mutum ke tsoro kamar izgili yake jinsa. Ki zaɓi ranar da babu wasa, ya ci ya huta, yara ba sa kusa. Kada ki ambaci Gide, ko zaure, ko jita. Ki faɗa masa abin da kika gani a gida, na ɗiyarku a bakin ƙofa da na kiran sallah, ki ce masa kina jin tsoro ne kuma ba ki faɗa wa kowa a garin ba. Sannan ki roƙi abu ɗaya tak: a gwada kunnen kafin ya yi wa Audi magana. Ba ki ce ya bar kiɗa ba, ba ki ce ya fasa shawararsa ba, kin ce dai asibiti ya riga. Wannan roƙo ne da namiji zai iya amsawa ba tare da ya ji an kayar da shi ba.

Mai yiwuwa ya yi miki shirun nan nasa. Ki jure, ki dafa tuwonki, ki sake tayar da maganar in ya huce. In kin ga Sallah ta matso yana nan a kan bakansa, ki gaya masa ƙiri-ƙiri cewa za ki sa yayansa a ciki, sannan ki sa shi. Da saninsa, ba a bayan idonsa ba.

Ku nemi likitan kunne a babban asibiti, Katsina ko Zariya, ku ce gwajin ji kuke so. Kafin nan kada a ɗiga masa komai, ko na kemis ko na gida, kada kuma a sa tsinke. Ya samu abin toshe kunne a wurin walda, wannan ko lafiyarsa ƙalau ya kamata ya yi. Likita zai faɗa muku abin da ya dace da wurin wasa, amma ko ni na san lasifika ba ta da hurumi a ƙeyar mutum, Audi kuma ya riga ya nuna inda ya kamata ya zauna. Raunin kunne ɗaya ba shi ne ƙarshen kiɗa ba, in an kiyaye ɗayan. Batun laƙabi kuwa, mutanen da suka daina ce musu 'yan gwangwani za su daina wannan ma in kiɗa ya dawo daidai.

Kin sauya sunaye, amma masu jita nawa ne tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa? Shi ya sa na tura miki amsar nan ta waya tukuna, kuma ba za ta fito a shafina na jarida ba sai kin ce mini kin yi magana.

Ƙanwata, yau in kin zauna kusa da shi kin yi magana a hankali, zai ji ki. Ban san ko baɗi haka za ta kasance ba, ke ma ba ki sani ba. Kada ki bari a kai Sallah. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyarsa ga maganarki, ya bar zumuncinsa da Audi, ke kuma ya saka miki da alheri.

Hajiya Barakatu